Ruwan dam ɗin Oyan: a riƙe shi sai ya cika, ko a riƙa saki tun da wuri?

Ɗan Kara: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina da tambaya ga masu ilimin abin. Jiya bayan la'asar na tsaya a kan doguwar gada ta wajen Kara ina kallon kogin Ogun, ruwan ya riga ya taɓa gindin turakun da muke ɗaure shanu na can ƙasa, ya yi jawur yana tafe da ciyayi da robobi, alhali kwana uku kenan ba a yi ruwan sama na kirki a Legas ba. An ce an fara sako ruwa daga dam ɗin Oyan. To tunda kowa ya san damina za ta zo duk shekara, me zai hana a riƙa rage ruwan kaɗan kaɗan tun watan 6 ko 7, maimakon ya cika maƙil a ƙarshen watan 9 sannan a buɗe da yawa? A 2019 ina nan, da kwalekwale muka riƙa shiga kasuwa, a 2023 ma sai da muka hau da shanu bakin titi. Ba wanda zan zarga nake nema ba, so nake na gane yadda ake lissafin.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Wallahi Alhaji ka riga ni ne, mu ma nan wajen Ajegunle ta hanyar Ikorodu tun shekaranjiya kwata ta daina tafiya, ruwan baya yake dawowa.

Abban Sadiq: Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma ni a ganina ba dam ba ne matsalar, mu ne muka je muka zauna a kan hanyar ruwa.

Injiniya: Salamu alaikum. Alhaji Ɗan Kara tambayarka ita ce ainihin tambayar da masu aikin ruwa suke ta kai ruwa rana a kanta a duk duniya, bari na ɗan yi bayani iya abin da na karanta kuma na yi aiki a kai. Shi Oyan an buɗe shi a 1983 zamanin Shagari, yana arewa maso yamma da Abekuta a kan kogin Oyan, wanda yake zubawa cikin Ogun. Cikinsa yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 270, kuma hukumar raya kogunan Ogun da Osun ce take kula da shi. Babban dalilin gina shi ruwan sha ne na Abekuta da Legas, sai noman rani, sai lantarki megawat 9 da aka saka injinansa amma ba a ci moriyarsu ba. Matatun ruwa na Iju da Adiyan daga kogin Ogun suke jan ruwa a wajen Akute, to idan rani ya yi kogin ya ja baya, abin da aka tara a Oyan shi ake sakowa don injinan su samu abin ja. Ka ga kenan mutumin da yake riƙe da ƙofar dam ɗin yana tsakanin abu biyu masu karo da juna. Mai ruwan sha yana so damina ta ƙare dam na cike taf. Mai gida a Isheri da ku 'yan Kara kuna so a shiga watan 9 dam na da fili a cikinsa, don idan ruwa mai yawa ya zo ya samu wurin zama. Tulu ɗaya ne, ba zai kasance cike kuma wofi a lokaci guda ba.

Abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne daminar kudu ba irin tamu ta arewa ba ce. Nan kashi biyu take, ta yi ƙarfi a watan 6 da 7, ta ɗan ɗauke a watan 8, sannan ta dawo a watan 9 da 10. Idan ka zubar da ruwa da yawa a watan 7 kana sa ran na biyun zai cika maka, sai ya zo da rauni, to rani zai same ka ba ka da abin ba mutane. Idan kuma ka riƙe sai na biyun ya zo da ƙarfi, ƙasa ta riga ta ƙoshi, dole ka buɗe ƙofofi da yawa a lokacin da kogin ƙasa ma ya riga ya cika. A 'yan shekarun nan hukumar takan sanar cewa tana saki a hankali tun kafin damina ta yi nisa, wannan ita ce hanyar da ta fi, saura dai a ce nawa ake saki kuma da wane hasashen ruwan sama ake aiki.

Ɗan Kara: Allah ya ƙara ilimi Injiniya. Amma idan an tashi zaɓa tsakanin famfo ya yi rauni a watan 3 da gidan mutum ya nutse a watan 10, ai ina ganin na biyun ya fi muni. Balle ma mu nawa ne muke shan ruwan famfon gwamnati a Legas, ni dai tunda na zo garin nan burtsatse da 'yan garuwa na sani.

Injiniya: Gaskiya ne, amma ka ƙara da wannan Alhaji, ba duk ruwan da ka gani a ƙarƙashin gada ba ne ya fito daga Oyan. Shi kansa kogin Ogun daga jihar Oyo ya taso, akwai dam ɗin Ikere a kansa wajen Iseyin, sannan akwai ƙananan rafuka da yawa da suke zubowa bayan an wuce dam, waɗanda ba su da ƙofa ba su da mai tsaro. Kuma a ƙarshe ruwan ta Majidun da Agboyi yake shiga babban tafkin Legas, idan teku ta tumbatsa tafkin ya ɗaga, ruwan kogi ba ya samun wurin sauka, sai ya tsaya ya bazu. Shi ya sa Hajiya ta ce kwata tana dawowa baya.

Abban Sadiq: Yauwa, ga maganata ta fito. Duk wannan filin daga Kara zuwa Isheri har Owode da bayan Mile 12 fadama ce, wurin da kogi yake shimfiɗa ƙafa ne idan ya cika. Ni na san lokacin da wasu wuraren duk gwangwala ce da ruwa, yanzu an zuba yashi an yi gidajen bene da katanga, kowa ya ɗaga nasa ya tura wa maƙwabci. To ina ruwan zai je? Ko mala'ika aka ba makullin dam ɗin sai an yi ambaliya a nan.

Maman Khalifa: Abban Sadiq ka yi haƙuri, ba kowa ne ya zaɓi zama a nan don jin daɗi ba. Masu bene su ne suka cike fadama, mu haya muke a ɗaki biyu saboda nan kuɗinmu ya kai. A 2010 da ruwa ya shigo mana ina da goyo, cikin dare na ji tabarma ta yi sanyi, kafin asuba ya kai gwiwa, buhun shinkafa da garin masara duk suka jiƙe, katifa a kan bulo muka ɗora. Kuma abin da mutane ba sa faɗa, ba ranar da ruwa ya zo ba ce wahala, bayan ya tafi ne. Masai duk sun cika sun haɗe da rijiyoyi, yara gudawa da amai, sauro kamar a ɗiba da kwano, macizai a bayan ɗaki, bango ya yi wata biyu yana tsatsafo da ruwa. Ni abin da nake roƙo kawai idan za a saki a faɗa mana da wuri kuma da harshen da muke ji, ba sai mun gani a ƙofa ba.

Abban Sadiq: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba da ke nake ba wallahi, da masu sayar da filin nake.

Bahaɗeje: Ku ba ni dama na shigo. Ina jin kowa na cewa a riƙa saki kaɗan kaɗan kullum shi ne magani, ni kuma daga inda na fito wannan sakin kaɗan kaɗan na kullum shi ne ya kashe mu, don haka a yi hattara da maganar. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja ruwansa na lokaci ne. Watan 8 zuwa 9 ya zo da ƙarfi ya malale fadama tun daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa, a yi shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, idan ruwa ya fara janyewa a bi danshi a shuka wake da sauransu, sai Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa su bar taki. Da bazara kuma kogin bushewa yake ƙaf, mahaifina ya ce a kan yashi suke takawa su tsallaka. Wannan bushewar da muke gani kamar rashi ashe ita ce take share kogin.

Da aka yi dam sai abin ya juye. Babban ruwan damina an tare shi, amma da rani ana ta sako ɗan ruwa ba yankewa saboda ruwan shan Kano da noman rani na Kadawa. Hanyoyin ruwan sai suka daina bushewa, laka ta kwanta, kacala ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Wanda bai ga kacala ba ba zai gane ba, ta fi mutum tsawo, saiwarta a sarƙe take a ƙasa, ka sare ta yau bayan 'yan makonni ta dawo, kwalekwale ba ya ratsawa, taru ba ya shiga. Ta toshe wasu hanyoyin kamar Burum Gana, ruwan ya karkata ta Marma ya nufi Nguru, sai ka ga wani gari gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, wani garin kuma yana kallon busasshen rafi. Ga tsuntsaye jan baki da suke kwana a cikinta, da safe su tashi kamar hadari su sauka a kan shinkafa da gero. Mu yara da gwangwani da igiya muke wuni a gona muna kora, makaranta ma sai an girbe.

Ɗan Kara: Ikon Allah. Wato ku ambaliyar kuke nema, mu kuma gudunta muke.

Bahaɗeje: Sosai ma Alhaji. Mu a wurinmu shekarar da fadama ta cika ita ce shekarar arziki. An daɗe ana ba da shawarar a riƙa buɗe Tiga da Challawa da gangan a tsakiyar damina don a kwaikwayi ruwan da, sannan da rani a rufe na wani lokaci kogin ya bushe. Kuma shi ya sa mutanen Yobe da Borno ba sa son maganar dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi, don yawancin ruwan da yake isa Gashuwa yanzu daga kogin Jama'are yake, wanda ba a tare shi ba.

Na Mafara: Malam Bahaɗeje ka taɓo man inda ka yi man ƙaiƙayi. Mu dam ɗin Bakolori anka yi muna, anka gama shi 1978 bisa gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara. Kowa ya san abin da ya faru 1980 da manoma sunka tashi kan maganar gonakinsu da diyya, anka kashe mutane, wanga tarihi ne. Amma abin da ba a cika faɗi ba shi ne na mutanen ƙasa da dam, waɗanda ba a ɗauke musu gona ba, ba a ba su ko sisi ba, ruwa kawai anka hana ma fadamarsu. Masu shinkafa sunka koma gero da dawa, rijiyoyin fadama da ake ban ruwan albasa da su sunka yi zurfi, masunta sunka watse. Kakana masunci ne, ya ce da in ruwa ya janye tafkuna ka cika da tarwaɗa da kurungu har a yi ta banda, bayan dam sai dai labari. Sannan wata shekara kwatsam a sako ruwa lokacin da ba a zata ba, geron da kac ce ka shuka don ruwa bai zuwa, shi ma ya tafi. Manomi in ya san lokacin ruwa zai iya da shi, rashin sani shi ka kashe shi. Mutanen Goronyo ma sun ga tasu ambaliya 2010.

Injiniya: Wannan magana ta Na Mafara a riƙe ta. Kifin kogunanmu da yawa tashin ruwa ne yake gaya musu lokacin haihuwa ya yi, su bi ruwa su shiga fadama. Idan ka daidaita kogi ya zama kamar famfo, kullum ɗaya, ba a ba su wannan alamar ba. Kuma an gwada gyarawa an gani. A arewacin Kamaru an gina dam ɗin Maga a 1979 don noman shinkafa, fadamar Logone ta wajen Waza ta bushe, ciyawa mai kyau ta ɓace, makiyaya da masunta suka yi ƙaura. A 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani ɓangare na fadamar, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka dawo. Ba a rushe dam ba, hanyar ruwa aka canza. A kogin Senegal ma an yi shekaru ana sako ruwa da gangan daga Manantali na ƙasar Mali don masu noman bayan ambaliya, sai dai duk ruwan da ka saki ta ƙofa bai bi ta injin ba lantarki ne ka yi asara, shi ya sa kullum ana jayayya a kai.

Mai Albasa: Ni daga Yawuri nake, a Mile 12 nake sauke kaya. Namu kuma wani launi ne daban don mu a saman dam muke, a bakin tafkin Kainji. An gama shi a 1968, tsohuwar Bussa ta nutse aka yi sabuwa, an tashi mutum sama da dubu 40, gungunan da Gungawa suke noman albasa a kai da yawa ruwa ya cinye. Kogin Kwara a wurinmu sau biyu yake kawo ruwa. Akwai farin ruwa na daminarmu, mai laka, wajen watan 9, sai kuma baƙin ruwa wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin sanyi, ya zo garau don lakarsa ta kwanta a hanya. To tafkin a cike yake tsayawa har baƙin ruwa ya wuce, daga nan injina su yi ta sha yana ja baya mita da yawa, ƙasar da ya bari mai danshi ita mutane suke bi su shuka, shanu ma su samu ɗanyar ciyawa. Kenan manomin bakin tafki rayuwarsa tana hannun wanda yake lissafin lantarki. Idan aka ja ruwa a hankali ya yi noma, idan aka ja da sauri ƙasa ta bushe kafin shuka ta kama, idan ya dawo da wuri kuma ya nutsar da amfanin kafin a cire.

Ɗan Alaba: To ni dai a ganina duk wannan dam dam ɗin asara ce. Kainji, Jebba, Shiroro, yanzu ga Zungeru, duk an tare koguna amma har yau janareta muke kwana da shi. A fasa su kowa ya huta.

Mai Albasa: Haba ɗan uwa, wutar da kake samu ɗin ma wani kaso daga can take. Kainji megawat 760 aka saka masa, Shiroro 600, Zungeru 700. Kuma yanzu garuruwa nawa ne suka zauna a ƙasan su sun saba da ruwan da aka tare, ka fasa ka kai su ina?

Injiniya: Fasa dam ba magana ba ce, mutanen Maiduguri sun ga abin da ake nufi da dam ya fashe ranar 10 ga watan 9 na 2024 da Alau ya ɓalle, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kano ma ta gani a Bagauda a 1988. Wannan ma yana cikin dalilin da ya sa mai kula da dam ba ya wasa idan ruwa ya kai wani layi, dole ya buɗe ko ana so ko ba a so. Amma dam na lantarki yana da nasa illar ta daban da ban faɗa ba. Idan ana kunna injina da kashewa gwargwadon buƙatar wuta, kogin da ke ƙasa zai riƙa hawa da sauka a cikin yini ɗaya, ƙananan kifi su maƙale a kan yashi, gaɓar kogi ta riƙa zubewa, mai wanki ko mai shayar da dabba ruwa ya taso masa ba hadari ba komai. Sannan daga wane zurfi ake jan ruwan ma magana ce. Lokacin zafi ruwan ƙasan tafki mai zurfi ba ya gauraya da na sama, iskar da kifi yake shaƙa takan ƙare a can, har ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan shi aka sako kifin da ke kusa da bakin dam ya sha wuya.

Anti Nas: Sannunku da hira, na daɗe ina karantawa. Ta ɓangarenmu na lafiya ina so na ƙara abu ɗaya. Ruwan da yake tsaye wuri ɗaya ba ya hawa ba ya sauka, ga ciyawa a bakinsa, shi ne gidan dodon koɗin da yake ɗauke da tsargiya, shi ne kuma gidan sauro. A Senegal bayan an gama dam ɗin Diama a 1986, wanda ya hana ruwan gishiri hawowa kogi, garin Richard Toll ya samu ɓarkewar wannan cuta irin ta hanji da ba a san ta a wurin ba a da. A Amurka kuwa tun wajen shekarun 1940 masu kula da madatsun kwarin Tennessee suka riƙa ɗaga ruwa da sauke shi kaɗan lokaci lokaci da gangan, don tsutsar sauro ta maƙale a tudu ta bushe. Don haka hannun da yake kan ƙofar dam yana taɓa har asibiti. Hajiya Maman Khalifa don Allah idan ruwan ya shigo kar a sha na rijiya sai an tafasa, a ajiye gishiri da sukari na haɗin ruwan gudawa a kusa, kuma a hana yara wasa a ciki.

Maman Khalifa: In sha Allahu Anti, na gode. Na riga na sayi alif da gawayi na ajiye a sama.

Ɗan Jimeta: Duk kun manta da dam ɗin Lagdo. Mu kam ba ma a ƙasarmu makullin yake ba, Kamaru ce take buɗewa, Binuwai ya kwaso tun daga Yola har Makurɗi da Lakwaja. A 2012 mutum sama da 360 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, a 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. An gama Lagdo tun 1982, dam ɗin Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa ya tare ruwan har yau babu.

Injiniya: Haka ne, sai dai kar a ɗora wa Lagdo duka, yawancin ruwan Binuwai a cikin Najeriya yake taruwa, daga Gongola da Taraba da Donga da Katsina Ala. Irin abin da na gaya wa Alhaji ne a kan Ogun. Gana ma ta ɗanɗana a 2023 da aka buɗe Akosombo daga tsakiyar watan 9, garin Mepe da kewaye dubban mutane suka rasa matsuguni, kuma gardamar da aka yi a can ita ce tamu sak, me ya sa ba a fara ragewa da wuri ba.

Admin: Jama'a a dawo kan Oyan don Allah, akwai waɗanda ruwa ke bakin ƙofarsu yanzu haka.

Baba Mai Jirgi: Ni tsoho ne a ruwan Ikorodu, bari na faɗi abin da idona yake gani. Duk lokacin da ruwan kogi ya sauko da yawa, tafkin Legas gishirinsa raguwa yake, sai wannan kainuwar mai shuɗin fure ta rufe ko'ina, tun cikin shekarun 1980 muke fama da ita. Wani lokaci daga bakin tashar jirgi ba ka ganin ruwa sai kore, farfela ta naɗe, inji ya ɗau zafi, sai yaro ya sunkuya da adda yana yankewa fasinja na jira. Masu taru kuma ba sa iya jefawa. Sai rani ya yi ruwan teku ya shigo da gishiri sannan ta yi baƙi ta mutu ta nutse. To ku masu ilimi ku duba, idan aka ce a yi ta sako ruwan daɗi da yawa har cikin rani, kar a je a yi mana irin ta mutanen Haɗeja, ita ma ta daina mutuwa.

Bahaɗeje: Baba Allah ya ƙara girma, ka fahimce ni sarai. Ciyawar daban, ciwon ɗaya.

Ɗan Kara: To Injiniya yanzu idan kai aka ba makullin, ya za ka yi? Don ni kaina ya ɗau zafi, na shigo ina ganin abu ne mai sauƙi.

Injiniya: Alhaji ni ra'ayina, kuma ra'ayi ne, Oyan ya kamata a fi karkata shi wajen kare mutane daga ambaliya fiye da yadda aka tsara shi a 1983, don mutanen da suke zaune a ƙasansa yanzu sun ninka na wancan lokacin nesa ba kusa ba. A shiga watan 9 da fili a cikinsa, a yarda wata shekarar ba zai cika taf ba. A yi amfani da ɗaukewar ruwan watan 8 a rage sosai, lokacin kogin ƙasa yana da wuri. A riƙa duba hasashen hukumar yanayi ta NiMet da lokacin tumbatsar teku kafin a ƙara buɗe ƙofa, kuma a ƙara a hankali ba farat ɗaya ba, a rufe ma a hankali don gaɓa kar ta zube. Da rani a saki abin da matatun ruwa suke buƙata da abin da zai riƙe kogin da rai, ba fiye ba, saboda maganar Baba. Sannan a sake auna cikin dam ɗin, don shekara sama da 40 laka tana kwanciya, miliyan 270 ɗin da ke takarda ba lallai shi ne a ƙasa ba, kuma duk lissafin da aka ɗora a kan tsohon adadi zai ba da kuskure. Na ƙarshe shi ne na Hajiya, a kafa sandunan awo a Kara da Isheri da Ajegunle masu fenti da kowa zai iya karantawa, a riƙa faɗar adadin da aka saki kullum a rediyo da Yarbanci da Hausa da Turancin buroka. Amma ko an yi duk wannan, Abban Sadiq yana da gaskiya, wasu wuraren ruwa zai ci gaba da shiga don nasa ne.

Abban Sadiq: Na yarda da wannan. Ni ma na janye rabin maganata.

Na Mafara: Sandar awon nan ko ba a jira gwamnati ba kuna iya yin ta. Ku samu turke guda mai ƙarfi ku yi mai zane da fenti taki taki, yaro guda ya riƙa dubawa safe da marece shina turowa nan.

Ɗan Kara: Wallahi shawara ce. Akwai wani ginshiƙin siminti a bayan rumfarmu da ruwan 2019 ya bar wa alama, har yanzu ana ganin layin, daga nan zan sa a fara aunawa zuwa ƙasa. Gobe bayan asuba zan yi wa shugabannin kasuwa magana a fara matsar da ƙananan dabbobi da buhunan dusa sama, manyan shanun sa biyo baya idan ya ƙara taki ɗaya. Hajiya ku a wajenku yau ya kai ina?

Maman Khalifa: Ya rufe matakala ta farko, saura biyu ya shigo tsakar gida. Yaran dai na tura su Agege wurin yayata tun da rana, ni da Baban Khalifa muna nan muna ɗaga kaya.

Baba Mai Jirgi: 'Yata idan ya hau ta biyu ki yi magana a nan ko da tsakar dare ne, akwai ƙaramin kwalekwale a wurin yarana ta Majidun, sa zo su fitar muku da kayan.